Kafin a Buga Tambari a Riga, a Fara Cire Zoben

Yawancin masu harkar kai saƙo a garuruwanmu, daga mai babura uku a Kano har mai motoci ashirin a Abuja, idan suka tashi yi wa yaransu dokar sutura daga tambari suke farawa. A buga riga mai sunan kamfani, a rubuta lambar waya a baya, a ce kowa ya rage gemu ya fito tsaf, shi ke nan an gama. Sai ka ga yaro ya fito da riga sabuwa fil, ƙafarsa silifas, hular kwanonsa na lilo a hannun babur, ga ƙaton zoben azurfa a yatsa. Rigar ba za ta hana shi komai ba. Waɗannan ukun da aka kau da kai a kansu su ne ke kai mutum asibitin ƙashi na Dala.

Dokokin sutura a wannan sana'a ba nauyinsu ɗaya ba. Akwai wadda ke tsare fata da ƙashi, ita babu ciniki a kanta. Akwai wadda ke sa mai gida ya gane wanda ke buga masa ƙofa, ita ma tana da amfaninta. Sai kuma wadda son ran oga ce kawai, ya gani a wani wuri ya kwaso. Abin takaici, ta ukun ake tsanantawa, ta farkon ake wa riƙon sakainar kashi. Hanyar tantancewa ba ta da wuya. A ɗauki kowane abu da ke jikin direba a yi tambaya biyu a kansa: me zai iya kama shi, kuma idan an kama shi, shi zai tsinke ko naman mutum?

Zobe

Ga yadda abin ke faruwa. Yaro ya gama sauke kwalaye daga bayan motar kaya, ya dafa ƙarfen bodi ya diro. Zoben ya maƙale a kan ƙusa, ko a wani ɗan tsinin da mai walda ya bari bai goge ba. Jikinsa, kilo 60 ko 70, ya yi ƙasa, zoben ya tsaya a sama. Azurfa ba ta tsinkewa, don haka abin da ke ƙarƙashinta ne zai ba da hanya: fata, jijiyoyin jini, jijiyoyin da ke kai ji, wani lokaci har ƙashin ya rabu daga gaɓa. Fatar takan zame daga yatsa kamar an tuɓe safa. Ba a bayan mota kaɗai ba. Tsinin ƙyauren gida da direba ya kama don ya leƙa, ƙugiyar robar ɗaure kaya, sakatar akwatin bayan babur, igiyar robar da ake ɗaure manyan kwalaye da ita, duk suna yin wannan aika-aika.

Likitocin hannu sun daɗe da sanin wannan rauni. A 1981 wani likita a Amurka, James Urbaniak, da abokan aikinsa suka kasa shi mataki uku: wanda jini ke ci gaba da zagayawa a yatsan, wanda jinin ya yanke, da wanda fatar ta tuɓe gaba ɗaya ko yatsan ya fita. Abin da ya sa ya fi yankan wuƙa muni shi ne, wuƙa tana raba jijiya a wuri ɗaya, likita ya haɗa baki da baki. Zobe kuwa jan jijiyar yake har ta tsage ta ciki a tsawonta, ko an ɗinke sai jini ya daskare ya toshe ta. Shi ya sa sau da yawa ƙarshen maganar yanke yatsan ne. A watan Yunin 2015, Jimmy Fallon, mai gabatar da shirin dare a talabijin a Amurka, ya yi tuntuɓe a cikin gidansa, zoben aurensa ya kama gefen teburin kicin. Sai da aka yi masa aiki na kusan awa 6, ya kwana 10 a sashen kulawa ta musamman, sannan aka ceto yatsan. Mai hali ke nan, a inda ƙwararrun ke kusa. Ɗan dilibari, wato mai kai saƙo, da abin ya same shi a hanyar Gwarzo fa?

Haɗari na biyu batir ne. Ƙananan motoci da babura bolt 12 suke amfani da shi, manyan motoci 24. Mutane suna raina shi don ba ya jan mutum irin na wutar gida, amma batirin mota yana iya sakin ɗaruruwan amfiya a take. Direba ya riƙe sifana a kan kan batir mai alamar tarawa, sifanar tana taɓa zobensa, zoben ya goga jikin bodi. Wutar ta sami gajeriyar hanya ta cikin zoben, kuma babu ƙarfen da ya kai azurfa saurin ɗaukar wuta. Cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu ya yi zafin da zai ƙona yatsan zagaye, ga shi ba ya ciruwa don zafi. Agogo mai hannun ƙarfe ma haka yake yi a wuyan hannu. Duk wanda zai taɓa batir ya tuɓe su tukuna, ya fara kwance kan da ke da alamar ɗebewa, idan zai mayar kuma shi ne na ƙarshen ɗaurawa.

Na uku kumburi. An faɗi da babur, hannu ya bugu, yatsa ya fara tashi, zoben ya zama ɗaurin da ke tsayar da jini. A nan minti yana da daraja. Duk wanda ya ji ciwo a hannu, a cire masa zobe nan take tun kafin ya kumbura. Idan ya riga ya kama, a ɗaga hannun sama da ƙirji, a sa shi a ruwan sanyi minti 5 zuwa 10, a shafa sabulu ko mai, a riƙa murzawa ana ja a hankali. Idan ya ƙi, a nemi zare mai ƙwari kamar tsawon hannu, a zura bakinsa ɗaya ta ƙarƙashin zoben zuwa wajen tafi, a naɗe sauran a jikin yatsan, zagaye na manne da zagaye, tun daga bakin zoben har a wuce gaɓa. Sai a kama guntun bakin da aka zura a riƙa warwarewa zuwa wajen farce, zoben zai biyo zaren. Amma idan akwai yanka, ko ana zaton karaya, ko yatsan ya yi baƙi ko ya daina ji, kada a yi wannan dabara, asibiti za a nufa a yanke zoben. Azurfa da zinariya suna yankuwa cikin sauƙi. Zobban kwalliya na ƙarfe mai tauri da suka cika kasuwa su ne masu ba da wahala, wani irinsu ma ba ya yankuwa sai dai a matse shi da filaya har ya fashe.

Idan kuwa ƙaddara ta riga fata yatsa ya fita, a danne wurin da tsumma mai tsabta, a ɗaga hannun. Guntun a naɗe shi a ƙyalle mai tsabta mai ɗan danshi, a sa a leda a ƙulle, a sa ledar cikin ruwa mai ƙanƙara. Kada naman ya taɓa ƙanƙara kai tsaye, kada kuma a tsoma shi tsirara a ruwa. A tafi da mutum da guntun tare.

Wasu sukan ce ai safar hannu ta rufe shi. Tana rage haɗarin kamawa, gaskiya ne, amma zoben azurfa mai dutse irin wanda mazanmu ke so yana yaga safar, kuma ba ta hana kumburi. Wasu kamfanoni a waje suna barin zoben roba mai taushi saboda shi yakan tsinke kafin fata. Wannan ya yi wa wanda zoben aure ne damuwarsa. A wajenmu yawanci don koyi da sunna ake sawa, kuma ba a ce wajibi ne ba, ballantana a lokacin da zai jawo cuta. Mafita ita ce aljihu mai zif. A cire da safe a jefa ciki, a mayar idan an tashi aiki. Kada a rataya shi a sarƙar wuya, an gudu ne ba a tsira ba.

Sauran kayan ado hukuncinsu na bin waccan tambayar. Siririyar sarƙar wuya takan tsinke da kanta, amma tana kiran ɓarawo, kuma mutumin da ke yawo da waya a hannu, da na'urar POS, da kuɗin kaya a aljihu, ba ya bukatar ƙarin abin da zai ja idon masu ƙwacen waya. Igiyar laya ta fata da aka kitsa ba ta tsinkewa, don haka ko dai ta shige can cikin riga ko a mayar da layar aljihu. Abin da mutum ya ɗaura a ƙarƙashin tufafinsa ba ruwan kamfani da shi muddin ba ya leƙowa. Carbi da ake naɗewa a wuyan hannu ko a rataya a kan babur yana iya shiga tsakanin hannun birki da totur. Ƙaramar kauntar tasbihi ta yatsa ba ta cire yatsa, amma tana hana kama birki da kyau, a bar ta sai an tsaya. Agogo a sa na roba. Mata kuma 'yan kunne masu lilo ko masu zagaye suna kama soson hular kwano wajen cirewa su tsaga kunne, awarwaro yana kama sakata. Ƙananan 'yan kunne masu manne wa kunne ba su da laifi.

Igiyar katin shaida ma a sa ta a lissafi, don ita kamfani ne da kansa yake rataya wa yaro a wuya. Ko dai a sayi mai mahaɗin roba a ƙeya wanda ke ɓallewa idan an fizga, ko a ɗinka wa rigar ɗan aljihun leda a ƙirji a zura katin.

Abin da ke lilo

Tayar baya da sarƙar babur ba sa mayar da abin da suka kama. Bakin jallabiya, gefen babbar riga, hirami da aka yafa a kafaɗa, jelar rawani da aka rufe hanci da ita saboda ƙura, gyale, dogon hijabi, duk abin da ya sauka ƙasa da kujera iska za ta tura shi cikin taya. Idan rigar ce, tayar ta cije a yi ƙasa. Idan abin wuya ne, kafin mutum ya kai hannu ya riga ya shaƙe shi. Kowa a Arewa ya san labarin mayafin da ya shiga taya, amma da wuya ka ga an rubuta shi a dokar aiki.

A rubuta shi ƙarara: babu abin da zai wuce gwiwa in ban da wando, babu abin wuya mai jela. Don ƙurar hunturu a ba da takunkumi ko ƙyallen wuya da aka ɗinke zagaye, wanda ba shi da baki. A kuma duba murfin sarƙa. Makanikai da yawa idan suka cire shi don gyara ba sa mayarwa, wai yana ƙara, masu babur ma ba sa tambaya.

Ranar Juma'a ce ake samun saɓani, don yaro yana son ya je masallaci da kaftani, kuma yana da gaskiya. Ba sai an yi faɗa ba. Ya ninke kaftanin a leda ya sa a akwati, ya zura idan ya isa. Ko kamfani ya ɗinka rigar Juma'a da launinsa, mai tsayawa sama da gwiwa, hannu mai maɓalli, da wando mai tsukakken ƙafa. Wando mai faɗin ƙafa yana kama abin taka giya da kik. Wanda ya ɗage wandonsa sama da idon sawu ya huta da wannan, sai dai ya bar idon sawun a fili, don haka takalminsa ya zama mai tsawo.

Takalmin shi ne inda aka fi yin kunnen uwar shegu. Silifas yana zamewa daga kan birki idan ƙafa ta yi gumi, yana fita tun a faɗuwar farko, yatsun ƙafa su goge kwalta, ga salansa a gefen dama tana jiran ƙwauri. Abin da ake bukata takalmi ne rufaffe da ya haura idon sawu, mai tafin roba mai zane, da ɗan dunduniya da zai riƙe matakin ƙafa. Igiya a cusa ta ciki, don madaukinta yana shiga abin taka giya, mutum ya zo tsayawa ya kasa sauke ƙafa, ya faɗi a tsaye a gaban danja. Masu aikin sito da lodin mota su ne ke bukatar mai ƙarfe a baki. Wanda aka yi bisa ma'aunin inganci na ƙasa da ƙasa EN ISO 20345 an gwada bakinsa da bugu kwatankwacin abu mai kilo 20 da ya faɗo daga tsayin mita ɗaya.

Amma a faɗi gaskiya, ba taurin kai kaɗai ke sa yara silifas ba. Zafi ne, da alwala. Wanda zai kwance igiya ya ɗaura a azahar da la'asar da magariba, ga kwastoma na kira, gobe da silifas zai fito. A saya masa mai zif a gefe ko mai mannewa, a ba shi safar auduga ƙafa uku don ya riƙa canjawa, a bar shi ya ajiye silifas marar nauyi a akwati don wajen alwala. Dokar da ba ta yi la'akari da salla ba, a bakin ƙofar ofis za ta tsaya.

Hular kwano da riga mai ƙyalli

Tun ranar 1 ga Janairun 2009 hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ta fara tilasta sa hular kwano, har aka riƙa ganin 'yan acaɓa da ƙwarya a ka don kauce wa kamu. Har yau da sauran wannan tunani, na cewa hular don jami'i ake sa ta. Alƙaluman da Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana kafa hujja da su sun nuna hula mai kyau da aka ɗaura daidai tana rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 40 cikin 100, mummunan raunin kai kuma da kusan kashi 70.

Ba ƙwanson waje ne ke yin aikin ba, farin soso mai tauri da ke ciki ne. Shi ke murƙushewa ya shanye bugun maimakon ƙwaƙwalwa. Hular leburori ta wurin gini ba ta da shi, an yi ta ne don abin da zai faɗo daga sama, don haka ba hular babur ba ce. A duba alamar inganci ta Turai, ECE 22.05 ko 22.06, a ɗinke jikin igiyar haɓa, ko ta Amurka, DOT, a ƙeya, tare da sanin cewa sitika ba ta da wuyar bugawa. A ɗaga soson taushi a taɓa farin da ke ƙasa. Idan babu, ko bai kai kaurin yatsa ba, a ajiye ta.

Girma kuma a auna, kada a saya iri ɗaya a raba wa kowa. A zagaya tef ɗin tela a kai, kamar santimita 2 sama da gira. Santimita 57 zuwa 58 yawanci M ne, 59 zuwa 60 L, 61 zuwa 62 XL. Idan an sa, a girgiza kai: fatar goshi da kumatu su motsa tare da hular. Igiyar haɓa kada ta bar wurin da ya wuce yatsa biyu. Hular da ba a ɗaure ba takan riga mai ita isa ƙasa. Zanna ko ƙube ba sa shiga ƙarƙashinta, sai dai 'yar tashi-ka-fiya-naci, wadda ma tana taimakawa wajen shan gumi. Mace ta auna kanta da hijabin da za ta yi aiki da shi, ta kwance acuci ko tulin gashin ƙeya, don yana tura hular gaba ta rufe ido. Gilashi baƙi na rana ne, da magariba a koma fari, kuma a wanke shi da ruwa da sabulu. Goge ƙurar hunturu da busasshen tsumma shi ke kankare shi har fitilar mota ta riƙa warwatsuwa a ido.

Riga mai ƙyalli abu biyu ne a haɗe, mutane suna ɗauka ɗaya ne. Launin ruwan ɗorawa ko na lemo mai ɗaukar ido da rana yake aiki, da kuma asuba da dab da magariba. Da dare ba ya yin komai. Farin layin nan mai ruwan toka shi ne na dare, yana mayar da hasken fitila wajen direban da ya haska. Ma'aunin EN ISO 20471 ya ce faɗin layin kada ya gaza milimita 50. Gwajinsa da sauƙi: a rataya rigar a duhu, a ja baya taku 20, a riƙe tocilan a gefen ido a haska. Wadda ba ta yi wal ba ta mutu. Wanki ne ke kashe ta, musamman dirza da buroshi, bilic, da guga, kuma masu kyau ana rubuta adadin wankin da za su jure a jikin lakabinsu.

Ga kuskuren da kusan kowa ke yi: an saya wa yaro riga mai ƙyalli, sannan an ɗora masa ƙaton akwati a baya, ko jaka ta goyo. Mai tahowa daga baya akwati kaɗai yake gani, baƙi ƙirin. A manna layin ƙyalli a akwatin kansa, ja a baya, fari ko ruwan ɗorawa a gefe biyu, a tabbatar bai rufe fitilar birki ba. Ɗan layi a ƙafar wando da hannun riga ma yana da amfani, don abu mai motsi ya fi saurin shiga ido.

Yadi kuwa, a tuna da watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Kano da Sakkwato da Maiduguri. Baƙar rigar roba mai kauri a wannan yanayi azaba ce, yaro zai tuɓe ta da zarar ya sha kwana. Ga shi yadin roba yana narkewa ya manne a ciwo idan an gogi kwalta ko salansa. A zaɓi auduga ko gaurayen da audugarsa ta fi yawa, launi mai haske, dogon hannu, wando mai kauri irin jins. Riga uku da wando biyu ga kowane mutum shi ne mafi ƙaranci, ɗaya a jiki, ɗaya a shanya, ɗaya a ajiye. Wanda aka ba riga ɗaya aka ce kullum ya zo fes, an ɗora masa abin da ba zai yiwu ba. Rigar ruwa ta damina ta zama mai riga da wando, ba mai faɗin nan da ake zurawa ta ka ba, ita ma taya take nema. Masu kai abinci kuma su rage turare mai ƙarfi, su yanke farce, kada su ajiye rigar gumi ko takalmi a akwatin da abinci ke shiga.

Wane ne a ƙofa

A nan ne tambari ke da aiki. Tun da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a Kano a Janairun 2013, kuma Legas ta hana a manyan sassanta a Fabrairun 2020, har kamfanin acaɓa irin Gokada ya koma kai saƙo, riga da akwati mai suna su ne ke bambanta ɗan dilibari da ɗan acaɓa a idon jami'in hanya. Su ne kuma ke sa matar gida ta yarda ta aiko yaro ya karɓa idan an ce, “Hajiya, ga saƙonki a ƙofa.” Saboda haka rigar kanta abin tsaro ce. A buga wa kowace lamba, a rubuta wanda aka ba, a karɓe ta tare da katin shaida ranar da ya bar aiki. Tsohuwar rigar da za a yar a yanke tambarin, don kada ta faɗa gwanjo wani ya shiga gidan mutane da ita. A kuma guji yadi mai zanen kakin soja, doka ta hana farar hula sawa, da duk launin da zai sa a ɗauka mutum jami'in wata hukuma ne.

Gemu da hijabi fa? A nan ne ogogi ke kwafo abin da masu shi suka riga suka yar. Kamfanin UPS na Amurka, mai kaki ruwan ƙasa, ya shekara da shekaru yana hana direbobinsa maza gemu da gashin da ya wuce kwalar riga. A 2015 hukumar da ke kula da daidaito wajen ɗaukar aiki a ƙasar ta kai shi kotu a madadin Musulmi da mabiya Sikh da Rasta da wasunsu, a ƙarshen 2018 ya amince ya biya dala miliyan 4.9. A Nuwamban 2020 kuma ya sassauta dokar, ya halatta gemu da kitso da gashin baƙar fata yadda Allah ya yi shi. Kaya ba su daina isa ba. Wurin da gemu ke zama matsala ta gaske shi ne inda ake sa abin rufe fuska mai manne wa fata don guba ko hayaƙi, kuma mai kai saƙo ba ya cikinsu. Mai dogon gemu dai ya kula da zif da maɓallin igiyar hula. Hijabi kuma a maida hankali kan ɗinkinsa: gajere, mai zurawa ba mai naɗi ba, babu fil ko allura a ƙarƙashin hula, a cusa bakinsa cikin riga. Kamfani ya ɗinka shi da launinsa ya raba, magana ta ƙare.

Saura wa zai biya. Hula, takalmi, safar hannu da riga mai ƙyalli kayan aiki ne, kamar taya da birki, mai babur ne ya kamata ya saya. Dokar ƙwadago ta Najeriya ba ta bar maigida ya zaftare albashi yadda ya ga dama ba, kuma dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa masu ɗaukar aiki zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi a asusun inshorar ma'aikata na NSITF saboda irin waɗannan raunuka. Yawancin yaran dilibari ba su da takardar ɗaukar aiki, wasu ma a kan kowane saƙo ake biyansu, don haka duk abin da aka bar musu su saya, mafi araha za su ɗauko, ko su haƙura da shi.

Dubawar safe ba ta wuce minti biyu. Mai kula da fita ya tsaya a ƙofa, kowa ya nuna hannu biyu gaba da baya, ya ɗaga haɓa a ga igiya, a kalli ƙafa, a kalli bayan akwati. “Malam, zoben nan a aljihu,” ya wadatar, ba sai an yi tara ba. Tara ma tana da illarta, musamman a kan hula. Farin soson nan sau ɗaya yake aiki, hular da ta bugu da ƙasa da kai a cikinta ta gama amfani ko da waje bai nuna tsaga ba, kuma masu ƙera ta suna ba da shawarar canjawa bayan kamar shekara 5 ko ba a faɗi ba. Idan yaro ya san za a cire masa kuɗinta a albashi, zai goge ta ya manna sitika a kan tabon ya yi shiru, gobe ma a miƙa wa sabon ɗauka. A rubuta ranar saye da maka a cikin kowace hula, a ce duk wanda ya faɗi ya kawo ta a canja masa ba tare da cire ko sisi ba, wadda aka karɓa kuma a yanke igiyarta kafin a jefar.